Izu Biyu na Ƙarshe

Hayin Banki, Kaduna
Talata, 12 ga Agusta

Yaya Audu,

Assalamu alaikum.

"Malama, sunaye ne kawai. Ga su nan reras, su tara, amma cikinsu wayam."

Abin da Mansura ta ce da ni ke nan ɗazu da hantsi, a shagonta na gyaran kwamfuta da ke Abakpa, tana juyo mini da fuskar na'urar don in gani da idona. Na gani. Na ce ta sake dubawa. Ta sake, don tana da kirki, ba don tana tsammanin wani abu ba.

Yi haƙuri, na tsallake gaisuwa. Ina fatan kana lafiya, kai da Anti Humaira da yara da Legas ɗin taku. Ba zan iya kiranka ba. Ka san gidanmu, in ka yi atishawa a ɗakina daga zaure ake yi maka addu'a. Shi ya sa na koma imel.

Ka san tun ranar da likita ya ce sai an cire wa Baba maƙogwaron murya gaba ɗaya, Baban ya ce kafin a rufe masa baki zai sauke karatu da ka, izu sittin, ni kuma in ɗauka a rikoda. Wata huɗu muka yi. Katin rikodar ƙarami ne, saboda haka in ya cika sai in kwashe zuwa filashi, in goge katin, mu ci gaba. Izu hamsin da takwas suna nan lafiya, Mansura ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Biyun ƙarshe ne babu, su ne fayiloli taran nan da cikinsu wayam. Ƙananan surorin nan da kowane yaro a layinmu yake rerawa yana wasan ƙasa, su ne Baba ya yi kwana tara a kansu, domin a lokacin muryar ta koma kamar ana jan tabarma a kan siminti. Sura ɗaya, tari, ruwan ɗumi, sai ya duba ƙyallen hannunsa ya ɓoye.

Ranar Juma'a aka yi sadakar sauka. Goggo Hansai, da yake yayanta ne mai sauka, ta soya wainar shinkafa mudu shida, ta gayyato har waɗanda suka tashi daga unguwar tun kafin a haife ni. Daga ranar likita ya hana Baba magana kwata-kwata, yanzu sai dai ya rubuta. Abu na farko da ya rubuta shi ne, in ya farfaɗo daga aiki ranar Litinin, izu na ƙarshe yake so a kunna masa, kuma da shi yake so jikokinsa su fara karatu.

Ga abin da ya ɗaure mini kai: na duba, Yaya. Na kwafa, kwamfuta ta ce an gama, na shiga cikin filashin na buɗe fayilolin ɗaya-ɗaya, na ji muryarsa da kunnena. Har yabawa na yi, don kowanne na taɓa sai ya buɗe nan take, ba irin jan ƙafar da filashin ya saba ba. Sannan na zare shi, na goge kati. Digiri biyu gare ni a fannin tarihi, ina koya wa ɗalibai muhimmancin adana shaida, ga shi na ɓatar da shaida ɗaya tak da aka taɓa damƙa mini.

Kai ne injiniyan gidan. Faɗa mini inda muryar ubanmu ta shiga. Saura kwana shida.

Ka gaida Anti da yara.

Ƙanwarka,
Safiyya

*

Legas
Talata, 12 ga Agusta

Ƙanwata Safiyya,

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Subhanallah. A tsaye na karanta saƙonki a ƙofar ofis, sai da maigadi ya tambaye ni ko lafiya. Humaira da yara suna gaishe ki. Ya jikin Baba? Allah Ya tashi kafaɗunsa.

Abin gaggawa tukuna: kada ki taɓa katin rikodar. Ki cire shi ki naɗe a takarda. Goge kati ba ya share abin da ke ciki, sunaye kawai yake cirewa, kamar a cire lambar gida alhali mutanen suna ciki. Muddin ba a ɗauki sabon abu a kansa ba, Mansura za ta iya dawo da su.

Game da abin da ya faru, ga yadda na fahimta. Kwamfuta tana da wurin ajiya iri biyu. Akwai ƙwaƙwalwar aiki, mai saurin gaske amma ba ta da riƙo. Akwai kuma ma'ajiya irin filashinki, mai riƙo amma mai nawa. Babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfutar ba ta son ki zauna jira. Saboda haka in kin ce ta kwafa, tana iya jibge kayan a ƙwaƙwalwar aiki ta ce miki an gama, sannan ta riƙa shigar da su filashi a hankali. Kamar a sauke buhuna a zaure a sallami mai mota, alhali ba a kai su ɗaki ba. Filashi mai araha irin naki, da manyan fayiloli na kwana tara, yana iya cin kwatan awa yana karɓa.

Da kika buɗe don ki duba, manhajar ta ga abin da kike nema yana nan kusa a zaure, sai ta miƙo miki daga nan. Wannan dabarar ce ke sa duk fayil ɗin da aka buɗe sau ɗaya ya fi saurin buɗewa karo na biyu. Kullum tana yi mana aiki, ba ma ko lura. Ina jin nauyin faɗa, amma saurin nan da kika yaba shi ne alamar cewa ba daga filashin kike ji ba.

Akwai wurin da ake dannawa kafin a zare filashi, shi ke tilasta wa manhajar ta kammala. Ina jin na taɓa nuna miki.

Minti nawa tsakanin kwafar da zarewar? Kuma ina katin yake yanzu?

Ki kwantar da hankalinki. Hutuna sai Lahadi, amma ina tare da ke.

Yayanki,
Audu

*

Hayin Banki
Laraba, 13 ga Agusta

Yaya Audu,

Salam. Na ga saƙo, na gode da darasi. Ba ka taɓa nuna mini ba, amma bar wannan.

Minti nawa? Uku, in na yi wa kaina adalci huɗu. A baya, duk lokacin da na kwafa sai in tashi in dafa wa Baba ruwan ɗumi da zuma, in wanke kofi, in dawo in zare. Ashe wata huɗu butar shayi ce take tsare mana karatu. Ranar Juma'a kuwa Goggo ce ta tsaya a kaina da ludayi a hannu: "Safiyya, kawo abin ɗaukar nan, Liman ya fara addu'a, ke kina nan kina shafa gilashi! Boko dai bai yi ba." 'Yar jar wutar filashin tana ta ƙiftawa. Na gan ta. Na ɗauka ado ne.

Ga kuma amsar tambayarka ta biyu. Na goge katin na miƙa wa Goggo rikodar. An ɗauki addu'ar Liman, sannan aka ajiye ta a kan taga, ba wanda ya kashe. Awa uku da rabi tana sauraron tsakar gida.

Mansura ta rufe shago yau saboda ni, ta yini a kan katin. Abin da ta ceto na Baba daƙiƙa goma sha ɗaya ne: tari biyu, da ƙarar haɗiyar ruwa. Sauran duk sadaka ce, tsaf, babu ko ƙaiƙayi. In jikokin Baba suna son sanin wanda ya ɓoye kwanon miyar taushe a bayan randa, tarihi ya adana musu, har da shaidu.

Na saurari daƙiƙa goma sha ɗayan nan ya fi sau ashirin a shagon. Mansura ta yi kamar tana neman wani abu a ƙarƙashin tebur.

Da na dawo, Baba ya miƙo mini takarda: "Kin saurara? Ya fita da kyau?" Na ce ya fita. Ya ɗaga hannu ya yi hamdala. Rabona da in yi masa ƙarya tun ina aji uku, lokacin da na ce akuya ce ta kifar da tawada. Tun jiya abinci ba ya wuce mini. Goggo ta ce ko aljanun jami'a ne.

Abu ɗaya kuma. Mansura ta ce irin kwamfutata ba haka take zuwa ba. Daga kamfani, in filashi ne, rubutawa take yi kai tsaye, ko da za ta ɓata wa mutum rai da jira. Ta ce wani ne ya shiga ya canza mata hali, wani wanda ya san abin da yake yi. Na ce mata ni dai ban san hanyar wurin ba, kuma Goggo ba ta taɓa nuna sha'awa ba.

Saura kwana biyar. A gaida gida.

Safiyya

*

Legas
Alhamis, 14 ga Agusta

Safiyya,

Salam. Ina fatan kin ci wani abu.

Ni ne. Da Babbar Sallah kika ce kwafa tana cinye miki rabin hantsi. Na ƙara wa kwamfutar ƙwaƙwalwa, na canza saitin don ta riƙa tarawa tana rubutawa daga baya. Kika gwada kika ce, "Yaya, ashe dai ba a banza aka tura ka makaranta ba." Na ji daɗi, wallahi na ji daɗi. Washegari na kama hanya, ban faɗa miki cewa daga ranar ba a zarewa sai an danna ba. Tun da na karanta saƙonki na farko na sani. Na rubuta miki "ina jin na taɓa nuna miki" ina sane ban nuna ba. Ki yafe mini.

Yanzu ki saurare ni, kada ki yi mini gatse. In kika faɗa wa Baba, kin san zai ce a sake. Kin kuma san abin da likita ya ce: in wurin ya sake ɓallewa da jini sai an ɗaga aikin, ciwon kuwa ba ɗagawa yake ba. Ba zan yarda mu kashe shi a kan izu biyu ba.

Akwai hanya. A wurin aikinmu akwai wanda ya iya sa na'ura ta kwaikwayi murya. Izu hamsin da takwas sun ishe ta koyo, har numfashinsa za ta ɗauko. Kwana biyu ya gama. Baba zai farka cikin magani, ya ji muryarsa, ya samu natsuwa. Kalmomin dai su ne, ba a canza ko wasali ba. Ni zan ɗauki zunubin, ke ba ruwanki.

Ki turo mini fayilolin yau, don Allah. Ban taɓa roƙonki komai ba.

Yayanki mai laifi,
Audu

*

Hayin Banki
Juma'a, 15 ga Agusta

Yaya,

Salam. Na yafe maka saitin. Ƙaryar kuma, tunda ni ma na yi tawa ranar Laraba, ba ni da bakin magana.

Kada ka ɗauka ban yi tunanin shawararka ba. Jiya har na rubuta "to, a yi", na zauna ina kallon kalmomin har aka kira la'asar. Amma mutumin nan shekara hamsin yana zaune a zaure, yana jin ɗalibi na sahu na uku in ya gajarta jan wasali ɗaya. Shi za a yi wa kwaikwayo? In ma bai gane ba, ni zan gane, duk ranar da 'yarka ta zauna tana bin ƙarfe tana cewa Kaka ne. Mun riga mun yarda da na'ura sau ɗaya da ta ce an gama.

Tsoron da kake ji ni ma ina ji, har ya fi naka, don ni nake wanke ƙyallayen. Amma muryar tasa ce, wuyan nasa ne. Ba ni da ikon yanke masa a ɓoye. Ba zan iya kallonsa in faɗa ba, saboda haka na rubuta, zan sa a ƙarƙashin kofinsa. Ga abin da na rubuta.

Safiyya

*

Zuwa ga Baba,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Ina durƙusawa ina gaishe ka, da fatan ka samu sauƙi.

Baba, na yi maka ƙarya ranar Laraba. Izu biyu na ƙarshe ba su nan. Sun ɓata a hannuna tun ranar sadaka.

Zan faɗa yadda zan iya. Kana tuna lokacin da nake kawo maka hadda, ba ka taɓa karɓa ba sai ka kife allon a jikin bango? Wata rana na ce, ai ba na kallo. Ka ce, "Ido ɓarawo ne, Uwata. Muddin allo na buɗe, ba a san mai hadda ba." Na'urar nan ta ce mini ta haddace. Na tambaye ta, ta karanto mini tiryan-tiryan, ba gargada. Ashe allon take leƙe. Ban kife ba, ban jira ba, na wanke.

An nemi dawo da su, ba su dawo ba. An kuma ba ni shawarar a sa na'ura ta kwaikwayi muryarka a kunna maka, na ƙi. Ba na roƙon ka sake. Likita ya ce in jini ya zo za a ɗaga aikin, kuma na fi son ka da rai ba murya, da izu sittin ba kai. Na faɗa maka ne kawai don kada ka shiga ɗakin aiki da abin da ba haka ba ne.

Ka yafe mini.

'Yarka,
Safiyya

*

(Da ajami, a bayan takardar magani)

Da sunan Allah. Daga Ubaidullah ɗan Ahmadu zuwa ga Uwata Safiyya, gaisuwa da aminci da yarda. Bayan haka:

Na karanta. Tun Talata na san da magana, domin kin daina yi wa Hansai gatse.

Shekara hamsin ban samu ɗalibin da bai taɓa wanke allo da wuri ba. Hukuncinsa ɗaya ne, a sake rubutawa. Ban taɓa dukan kowa a kansa ba, ba zan fara da uwata ba. Wainar da aka ci kuwa an ci, kada ki faɗa wa Hansai.

Mai shawarar kwaikwayo, ki ce masa na yafe, ya zo da wuri ranar Lahadi. Amma ƙarfe ba zai yi karatu da bakina ba.

Maganar likita na ji. Tulun da za a fasa ranar Litinin ban ga amfanin tattalin ruwansa ba. Sai dai na yi miki alkawari, in na ga jini zan tsaya, ko a tsakiyar aya ce.

Kwana biyu ba za su ɗauki aikin kwana tara ba, na sani. Don haka wannan karon daga ƙasa zan fara, daga surar ƙarshe in yi sama, yadda yara suke yi. Inda murya ta tsaya, nan ne rabon jikokina. Sauran ke za ki biya musu, ai kin iya.

Gobe da hantsi ki kawo abin. Ki ajiye ki fita. Duk lokacin da na yi tari fuskarki tana cinye mini numfashi.

Allah Ya yi miki albarka. Wassalam.

*

Hayin Banki
Asabar, 16 ga Agusta

Yaya Audu,

Salam. Na turo maka hoton takardar Baba, in ajaminka bai gudu ba. Akwai saƙonka a ciki.

Na sayi sabon kati. Wannan ba za a goge shi ba, ko Liman ne ya zo da kansa. Na kai ruwan ɗumi da zuma. Ƙyallen da na ajiye masa fari ne sol, na zaɓe shi da gangan. Ya duba shi, ya dube ni, ya gane.

Ya gyara zama ya fuskanci gabas. Na danna, jar wutar ta kama. Ya buɗe baki, ba abin da ya fito sai iska. Ya kurɓi ruwa. Sannan ya yi mini nuni da bayan hannu, irin wanda yake yi wa kaji in sun shigo zaure.

Na so in tsaya a bayan ƙofa. Amma ya ce in fita, kuma a makon nan na koyi cewa abin da kunnena ya ji ba shaida ba ne.

Na ja ƙofar har ta rufu, na sa takalmina, na fita.

Allah Ya kawo ka lafiya.

Safiyya